Ƙarfe goma na wane gari? Yadda na nema wa kwamfutar ofishinmu manhajar kalanda

Ranar Talata 2 ga Afrilu, 2024, ashirin da uku ga watan azumi, na shigo ofis wajen ƙarfe goma da rabi, ido ya yi nauyi saboda tahajjud. A lissafina ina da sauran rabin awa kafin taron da muke yi ta bidiyo duk Talata da wasu abokan aiki da ke Landan, waɗanda suka ba mu aikin taswirar gonakin rani. Tun watan Nuwamba ƙarfe sha ɗaya muke zama, haka kuma yake a rubuce a littafina. Ina kunna kwamfuta na tarar da saƙonni uku suna tambaya ko lafiya. Sun jira ni minti ashirin, sun tashi.

Ba su sauya lokaci ba. Su a wajensu ƙarfe goma ne tun farko, kuma ƙarfe goman suka zauna. Agogon ƙasarsu ne ya matsa. Birtaniya tana tura agogo gaba da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Maris, ta mayar da shi baya a Lahadin ƙarshe ta Oktoba. A lokacin sanyinsu Kano tana gaban Landan da awa ɗaya, a lokacin zafinsu kuwa agogonmu ɗaya. A 2024 canjin ya faɗo ranar 31 ga Maris, kwana biyu kafin taron. Na san da wannan al'ada tasu, amma littafin rubutu ba ya tunatar da mutum abin da ya sani. Maigidanmu bai yi faɗa ba. Ya leƙo ɗakin zane, ya dubi kwamfutar da ke ƙarƙashin teburina, ya ce, "Malam, wannan injin da muka zuba wa kuɗi, ba zai iya gaya maka ƙarfe nawa ba ne?" Na ce, "Zai iya, Yallaɓai, ni ne ban sa shi ba." Ya ce to bayan salla a sa shi.

Aikinmu awon filaye ne da zanen taswira, mu biyar ne a ofis. Injin da yake magana a kai irin babbar kwamfutar aiki ce da ake kira wokisteshan, Dell Precision ta hannu, mai furosesa Xeon da ram gigabait 32. Ubuntu 22.04 ne a kanta, wato wani nau'in Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, kuma kusan duk yini QGIS, manhajar zanen taswira, ce a buɗe a allo. Tana iya haɗa hotunan tauraron ɗan'adam na ƙaramar hukuma guda ba tare da ta yi nishi ba, amma alƙawuranmu a warwatse suke. Wasu suna jikin kalandar bango da wani kamfanin siminti ya raba, an zagaye ranaku da jan biro. Wasu suna littafina, wasu a saƙonnin WhatsApp, wasu kuma a kan Hajiya mai kula da ofis, wadda ba ta cika mantuwa ba, sai dai ran da ba ta zo ba babu mai sanin wa aka ce ya dawo.

Bayan ƙaramar salla na zauna na rubuta abin da nake so kafin in taɓa komai, don kada kyan fuskar manhaja ya ɗauke ni. Ina son ta yi aiki ko babu intanet, saboda akwai ranakun da sabis ke ɗaukewa tun safe. Ina son ta san yankunan lokaci. Ina son jerin ayyuka da kalanda su zauna wuri ɗaya, domin "a kai takardar fili ma'aikata" ba taro ba ne, aiki ne mai wa'adi. Ina son abin da na rubuta a kwamfuta ya bayyana a wayata idan na fita daji awo. Abu na ƙarshe shi ya fi damuna: a alƙawuranmu akwai sunayen masu filaye, da lambobin fulotai, wani lokacin har da bayanin rigimar gado da ba ta kai kotu ba. Wannan amana ce, kuma na fi son ta kwana a cikin ofis. Na kuma ƙirƙiri jarrabawa guda da zan yi wa kowace manhaja: in shigar da taron Talata ƙarfe goma na Landan, mai maimaituwa duk mako, sannan in tsallaka zuwa 29 ga Oktoba, Talatar farko bayan an mayar da agogo. Idan ta nuna min ƙarfe sha ɗaya, ta ci.

Kowa na tambaya abu biyu yake ambata, Outlook da Google Calendar. Outlook ba shi da sigar da ake ɗorawa a kan Linux, sai ta burauza, don haka maganarsa ba ta yi nisa ba. Google Calendar kuwa na san shi, yana nan tun 2006, ya ci jarrabawar Landan nan take, har yana da wurin da za ka sa ya nuna kwanan watan Hijira a gefen na Miladiyya. Ga wanda ke da intanet tsayayye, kuma bayanansa ba na wasu ba ne, ban ga dalilin da zai sa ya wahalar da kansa ba. Ni dai sharaɗina na ƙarshe ne ya hana, tunda komai a kwamfutocin kamfanin yake zama.

Sai na koma kan abin da ya zo tare da injin. Ubuntu 22.04 ya zo da GNOME Calendar, ƙaramar manhaja mai tsabta, wadda abin da ka rubuta a ciki yake fitowa idan ka danna agogon da ke saman allo. Na yi kwana uku da ita, na ji daɗinta. Amma a sigar da ke kan injina ban ga inda zan ce wannan taron da agogon Landan yake ba, kuma jerin ayyuka wata manhaja ce daban. An gina ta ne don mai buƙata kaɗan, kuma wannan ɗin tana yi da kyau. Daga nan na gano cewa ita ba ta ajiye komai da kanta. Akwai wani sashe a ƙarƙashinta mai suna Evolution Data Server, shi ne rumbun. Wannan ya kai ni ga Evolution ɗin kansa, tsohuwar manhaja da kamfanin Ximian ya fitar da sigarta ta farko a 2001, mai haɗa imel da kalanda da ayyuka da adireshi a taga ɗaya, kamar Outlook. Ina buɗe ta na ga duk abin da na rubuta a GNOME Calendar yana ciki, tunda rumbunsu ɗaya. Ta ci jarrabawar Landan, kuma tana da wata baiwa da na yaba: tunatarwarta tana fitowa ko da ka rufe tagar, saboda akwai ɗan sashen da ke zaune a bayan fage yana duba agogo.

KOrganizer ban ɗora shi ba. Na ɓangaren KDE ne, wata fuskar Linux daban da ta injina, yana tafiya da wani rumbu mai suna Akonadi, kuma da na ba da umarnin saukewa sai ga dogon jerin wasu manhajojin da zai jawo tare da shi. Na tuna datar ofis ta rage, na fasa. Mai amfani da KDE tun asali ba zai ga wannan jerin ba.

Akwai wani ɗan bautar ƙasa da aka turo mana, yaro mai natsuwa da ya karanta kimiyyar kwamfuta. Da ya ga abin da nake ciki ya ce, "Oga, ka gwada na baƙin allo mana, ba sa cin komai." Ya nuna min calcurse, wadda ke raba tagar rubuta umarni gida uku: alƙawura, da wata, da ayyuka. Ba hoto, ba linzami, kuma tana buɗewa kafin ka ɗauke yatsa. Ya kuma nuna min Remind, wadda Dianne Skoll ta rubuta, inda kake rubuta alƙawari kamar jimla a cikin fayil, misali REM Fri AT 13:30 MSG Masallaci, shi ke nan duk Juma'a za ta tuna maka. Har fitowar rana da faɗuwarta da yanayin wata tana iya lissafawa. Na yi yamma guda ina wasa da ita, raina ya so ta ƙwarai. Amma da na tuna Hajiya ce za ta riƙa shigar da yawancin alƙawuran baƙi, na san ba zan ɗora mata koyon yaren umarni ba, ga aikinta da yawa.

Yaron nan ya nuna min wani abu da ya tsaya min a rai. Ya rubuta cal 9 1752, sai ga watan Satumba na wannan shekarar ya fito, daga 2 ya tsallaka zuwa 14. Kwana sha ɗaya babu su, saboda a watan ne Birtaniya ta bar tsohuwar kalandarta ta koma wadda Paparoma Gregory na 13 ya kafa a 1582. Kalandar da muke ɗauka kamar dutse, ita ma mutane ne suka zauna suka gyara.

Inda abin ya juya min shi ne ran da na so in kwashe gwaje-gwajen da na yi a Evolution in kai su wata manhajar. Na bi sawun inda take ajiya, na samu wani fayil mai suna calendar.ics. Na buɗe shi da manhajar rubutu, ina zaton zan ga tarkacen alamomi. Sai na ga rubutu ne da mutum zai iya karantawa. Kowane alƙawari yana farawa da BEGIN:VEVENT, ya ƙare da END:VEVENT. A tsakani akwai SUMMARY, wato sunan abin, da UID, wata lamba da ba ta maimaituwa, wadda da ita ake bambanta alƙawari da ɗan'uwansa. Taron Talata na same shi, kuma layin farawarsa yana ɗauke da sunan yankin Europe/London tare da 20240402T100000, a ƙasansa kuma RRULE:FREQ=WEEKLY, wato duk mako. Na daɗe ina kallon layukan nan biyu. Kuskuren da na yi ranar 2 ga Afrilu ga shi a fili: ni a littafina na ajiye amsar lissafi, ƙarfe sha ɗaya, alhali abin da ya kamata a ajiye shi ne ƙarfe goma da sunan garin, a bar na'ura ta riƙa lissafawa kowane mako. Ko a kwamfuta, da na shigar da taron da agogon Africa/Lagos, wanda shi ne sunan yankinmu a tsarin, da kuskuren ya sake faruwa a Oktoba.

Sunan wannan tsari iCalendar. Ba mallakin kowane kamfani ba ne. An fara wallafa ƙa'idarsa a 1998 da lamba RFC 2445, aka sabunta a 2009 da RFC 5545. Google da Apple da Microsoft da kusan duk manhajojin da na gwada suna iya karanta shi. Gayyatar taron da ke zuwa maka a imel, ita ma fayil ɗin .ics ce. Tun daga ranar tambayata ta sauya. Na daina neman manhajar da ta fi kowacce, na koma tambayar ina fayilolina za su zauna, kuma wa ke iya karanta su. Idan suna hannuna a wannan tsarin, manhaja riga ce, ran da ta matse ni sai in sauya.

Na tsaya a kan Thunderbird, kuma ba don ta fi Evolution ba. Dalili biyu ne. Imel ɗina dama a ciki yake, sannan tana aiki a Linux da Windows da Mac, ga shi kwamfutar Hajiya da ta Maigida duk Windows ne, don haka abu ɗaya zan koya wa kowa. A da kalandarta ƙari ce da ake ɗorawa daban mai suna Lightning, amma tun siga ta 78 a 2020 aka haɗe su. Siga ta 115 ce a injina. A tagar sabon alƙawari sai ka kunna zaɓin nuna yankunan lokaci, sunan yankin ya fito kusa da agogon, ka danna ka zaɓi Landan. Na tsallaka 29 ga Oktoba, ta nuna sha ɗaya. Tana da shafin ayyuka mai wa'adi da wurin sa alamar an gama. Na raba launuka: kore fita daji, shuɗi ma'aikata, ja taron bidiyo. Abu ɗaya da ya kamata mutum ya sani shi ne tunatarwarta tana fitowa ne idan tana buɗe, don haka na sa ta cikin jerin manhajojin da ke tashi da kansu da an kunna injin.

Saura waya, kuma nan na fi ɓata lokaci. Fayil ɗin .ics ana iya tura shi da hannu, amma da ka gyara a wuri ɗaya ɗayan ya zama tsoho. Hanyar da aka tanada don na'urori da yawa su riƙa duba kalanda ɗaya ita ce CalDAV, ƙa'idar da ta fito a 2007. Tana buƙatar saba, wato kwamfutar da za ta riƙe asalin kalandar, sauran su riƙa zuwa suna ɗauka suna kawowa. Na ɗauka sai an yi haya a intanet. Ɗan bautar ƙasar nan ya ce, "Oga, ai ga saba nan a ƙarƙashin teburinka." Ya kawo sunaye uku, Nextcloud da Baïkal da Radicale. Nextcloud gari guda ne, yana yin ajiyar fayiloli da abubuwa da yawa da ba mu nema ba. Radicale kuwa ƙarama ce, an rubuta ta da yaren kwamfuta na Python, kuma abin da ya ja ni gare ta shi ne tana ajiye kowane alƙawari a matsayin fayil ɗin .ics guda a cikin folda. Zan iya buɗewa in gani da idona, zan iya kwafa a filasha.

Ɗora ta minti kaɗan ne. Sa ta ta yi magana da waya ya ci mana yamma biyu. Da farko tana amsawa a kan injin, amma waya ba ta ganin ta. Ashe a saitinta na asali injin da take kai kaɗai take saurare, a ƙofa mai lamba 5232. Muka gyara layin hosts a fayil ɗin saiti don ta saurari duk na'urorin da ke kan wayifai ɗin ofis, muka buɗe mata ƙofar a katangar tsaro, muka yi mata sunaye da kalmomin sirri. Na yi asusu biyu, ɗaya na ofis da kowa ke shiga, ɗaya nawa ni kaɗai. A waya muka sa DAVx5 daga F-Droid, wani wurin sauke manhajojin Android. Ita ba kalanda ba ce, 'yar aike ce tsakanin saba da ma'ajiyar kalandar Android, don haka muka ƙara Etar don duba alƙawura da Tasks.org don ayyuka. Na sa ta riƙa daidaitawa idan ta ga wayifai ɗin ofis kaɗai. Na rubuta "gwaji" a kwamfuta, na ja allon waya ƙasa, sai ga shi. Na kira Hajiya ta zo ta gani.

Washegari komai ya tsaya. An ɗauke wuta da dare, rauta, wato na'urar wayifai, ta mutu ta tashi, ta ba injin wata lambar adireshi daban, waya kuma tana ta ƙwanƙwasa tsohuwar ƙofa. Muka shiga saitin rauta muka ɗaure wa injin lamba ɗaya dindindin. Bayan mako kuma wayar ɗaya daga cikin yaran awo ta daina ɗauko sababbin alƙawura, sai da muka cire DAVx5 daga cikin manhajojin da wayar ke kashewa don tattalin batir. Tun daga nan ba mu sake taɓa komai ba. Idan injin yana kashe, kowa yana da kwafinsa a waya, abin da ya rubuta a daji kuma yana shiga ne da ya dawo ofis. Duk Alhamis kafin in tashi nakan kwafe foldar Radicale a filasha in tafi da ita gida.

Amma duk wannan ba a nan gizo ke saƙar ba. Da muka fara shigar da alƙawura na gaske, sai na lura manhajar tana tambayar abin da mutanenmu ba sa faɗa. Ka ce wa dagaci, "Ranka ya daɗe, yaushe za mu zo awon?" Zai ce, "Ku zo Laraba bayan La'asar." Wannan lokaci ne tsayayye, kowa ya gane shi, kuma zai cika alƙawarinsa. Amma akwatin yana son lambobi. Magariba a Kano tana kusan ƙarfe shida a Nuwamba, a Yuli kuma sai bakwai saura, don haka "bayan Magariba" ba lamba ɗaya ba ce duk shekara. Muka yi yarjejeniya a ofis: a sa lambar da ta fi kusa don tunatarwa ta yi ƙara, amma a rubuta ainihin abin da mutumin ya faɗa a farkon sunan alƙawarin. Idan ka ga "Bayan La'asar: awon gonar gado, a biya ta gidan mai unguwa", ka san ƙarfe huɗu da rabin da ke gefe kintace ne, maganar dagaci ita ce alƙawarin.

Sai kuma maganar dare. Hajiya ta taɓa shigar da wata ganawa da aka ce "daren Juma'a" a ƙarƙashin Juma'a ƙarfe takwas. Da na gani na tambaye ta wanda ya faɗa, ta ce wani dattijo ne. Muka kira don tabbatarwa, ya ce Alhamis da daddare yake nufi, kamar yadda na yi zato. A lissafinmu na addini rana tana farawa ne da faɗuwar rana, dare yana gaban yininsa, ita kuwa kwamfuta sai sha biyun dare take juya shafi. Yanzu duk wanda ya ce daren kaza, sai mun tambaye shi, "Wato ranar kaza da daddare?" kafin mu rubuta.

Kwanan watan Musulunci shi ne abin da na fi so in samu, shi ne kuma babu manhajar da za ta yi min shi yadda nake so, don ba matsalar manhaja ba ce. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, tana gaza ta Miladiyya da kimanin kwana sha ɗaya. Azumin 2023 mun fara shi 23 ga Maris, na 2024 kuma 11 ga Maris. Idan ka ce wa kalanda ta maimaita abu duk shekara, da Miladiyya take lissafi. An fitar da wata ƙa'ida a 2015, RFC 7529, da ke ba da damar maimaitawa da wasu kalandun, amma a cikin waɗanda na gwada a injina ban ga wurin zaɓar ta ba. Ko da akwai, lissafi ne za ta bi, irin na Ummul Ƙura da Saudiyya ke amfani da shi ko wani makamancinsa. Mu kuwa ganin wata muke bi, sai sanarwa ta fito daga fadar Sarkin Musulmi, Alhaji Muhammad Sa'ad Abubakar III, a Sakkwato. Wani watan lissafi da gani su dace, wani watan su saɓa da kwana ɗaya. Akwai shekarun da 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram kan riga mu salla da yini guda, ga shi muna da masu ba mu aiki a can.

Abin da na yi shi ne na buɗe kalanda ta uku a Radicale, na sa mata suna Wata, na ba ta launin ruwan ƙasa. Duk wata abu uku nake sa mata da hannuna: ranar ɗaya ga wata, da kwanakin 13 zuwa 15 don masu azumin nafila a cikinmu, da ranar 29, wadda ke da tunatarwa bayan Magariba mai cewa "duban wata". Idan ta yi ƙara, sai in saurari rediyo. Da sanarwa ta fito, in shigar da sabon watan a waya, in ƙirga ashirin da tara in sa tunatarwa ta gaba. Minti biyu ne. Maigida da ya ga wannan ya ce in sa masa ranar da shekarar zakkarsa ke cika a watan Rajab, na sa ta a matsayin aiki ba mai maimaituwa ba, da ɗan rubutu a ƙasa cewa idan an fitar a sake sa ta baɗi. Da farko na ɗauki wannan a matsayin giɓi a tsarin. Da na yi wata uku ina yi, sai na ga na fi sanin kwanan wata fiye da lokacin da nake dogara da kalandar bango, wadda aka buga tun kafin shekara ta kama.

Wani ƙaramin abu da ya kusa ruɗa mu shi ne haruffa masu ƙugiya. Tsarin iCalendar yana ɗaukar ɓ da ɗ da ƙ lafiya lau, kuma Ubuntu yana da tsarin madannai na Hausa. Amma idan na rubuta Ƙofar Ruwa da ƙugiya, wani ya nema da Kofar Ruwa a wayarsa, ba lallai ya samu ba, saboda a wajen na'ura k da ƙ haruffa biyu ne. Na sa kowa ya kunna Hausa a madannan wayarsa, sannan muka amince duk alƙawarin awo a sa masa lambar fayil ɗin fili, da ita ake nema.

Kalandar simintin tana nan a bango, Maigida ya ce a bar ta, kuma har yanzu yakan zagaye ranar biyan albashi da jan biro. Ranar Talata 29 ga Oktoba ina tsakiyar gyara iyakar wata gona a QGIS, ban ma tuna an mayar da agogo a Birtaniya ba. Ƙarfe goma ya wuce shiru. Sha ɗaya saura kwata taga ta fito a tsakiyar allo, wayar da ke aljihuna ma ta yi ƙara. Na adana taswirar, na jawo abin sauraro, na shiga. Mutum ɗaya kaɗai na tarar a ciki, muka gaisa, muka jira sauran.